Ranar da Fakis Ɗina Ya Amsa wa Baffa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan yayana Habibu ba, ko da kuwa na so in manta. Har yau in wata na'ura ta yi irin tsuwwar nan mai huda kunne, sai gabana ya faɗi, in gan ni tsaye a bakin zauren gidanmu da faifan dabino a hannu, mazan unguwa sun zuba mini ido. Dangi na ba da labarin suna dariya. Ni ma nakan taya su, amma ba har ciki ba, don abin da na kusa ɓatawa ran nan ba nawa ba ne.

Shekarar ba ta dariya ba ce. Ruwa ya ƙi sauka, dabbobi na faɗuwa a daji, mutanen ƙauye na shigowa Agadas da ƴan kayansu a kan jakai. Sojoji kuma sun karɓi mulki a Yamai, hanya duk shinge, abin da ka aika a kawo maka sai ranar da ka gan shi. A cikin wannan hali ne na dawo daga karatu da takardar sakatariya, kaina ya kumbura har yana neman ya fi ƙarfin ɗankwali. (In na ce ina ji da kaina, na rage. Ko gaisuwa sai na sa mata ɗan Faransanci a wutsiya.)

Baba, Alhaji Isufu, fataucin albasa yake yi. Yana saye daga masu garka, wato lambu, a Tabelot, kamiyo, babbar motar kaya, ya sauko da ita, a wuce da ita ƙasashen bakin teku. Ni na dame shi cewa zamani ya wuce aiken baki, masu saye na can suna son takarda ta fakis, wadda na'ura ke turawa ta layin waya, suna son saƙon intanet. Da ƙyar ya yarda aka ɗora mana intanet a kan layin talho, wato wayar gida, aka sayo fakis, aka kai su ɗakina tare da ordinatar, wato kwamfuta. Layi ɗaya ke nan, baki uku ke ci a cikinsa: intanet, fakis, da tsohon talhon da ke zaure.

Wannan talho tun Kaka Malam Abdu na da rai aka sa shi. Baƙi ne, mai nauyi, an lulluɓe shi da ɗan mayafi mai aiki, yana zaune a kan wani babban akwatin ƙarfe. Kowa a gidan yana da portabul, wayar hannu, ban da Baba, wanda ya ce shi ba zai riƙa yawo da mutane a aljihu ba. Talhon kuwa sai ya yi wata bai yi kuka ba.

Mutumin da ya haɗa mana kayan ya ɗaga wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya nuna mini. Ya ce, "Madmazel, wannan shi ne filtir. Kowace na'ura da ke kan layin nan sai da nata, in ba haka ba za su riƙa shiga wa juna. Ɗaya gare ni yau, zan kawo miki na biyu." Na sa ɗayan a fakis ɗina. Na biyun kuwa, har gashin hannuna ya yi tsawo ina jira. In na je biro, wato ofishin kamfanin waya, sai a ce kaya na hanya, hanya kuma kun ji halinta.

To fa. Duk ranar da wani ya ɓata lamba talhon zaure ya yi kuka, ko Inna ta ɗaga kan tana goge ƙura, sai koneksiyon intanet ta yanke. Ina tsakiyar tura saƙo, ƙit, sai fitilar modem, ɗan akwatin intanet ɗin, ta koma ja. Ranar da abin ya kai mini wuya, sai dabara ta zo mini. (Allah ya tsare ku da dabarar mai ɗan sani.) Na faki idon Baba ya tafi masallaci, na zura hannu bayan akwatin ƙarfen nan, na zare wayar talhon daga jikin bango, na bar ta kwance inda ba mai gani. Na koma ɗaki na saita fakis ya riƙa amsa kira da kansa tun bugun farko, na kashe masa ƙararrawa don kar ya dame ni. Na ce da kaina duk yamma zan mayar. Na mayar ranar farko. Daga nan ban sake tunawa ba, don komai ya tafi sumul, ni kuma na shiga yabon kaina.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Baffa Amadu. Wan Baba ne, ciki ɗaya. Kakarmu ƴar Tabelot ce, garkar gidansu ta dawo hannun Baffa, shi ya zauna can yana noman albasa, raƙumi na ja masa ruwa daga rijiya kamar yadda aka gada. Tun ina ƴar lakwal, wato ƙaramar makaranta, Baba ya je ya ce a sa injin ban ruwa a sayar da raƙumin. Baffa ya ce a'a. Magana ta yi zafi, Baba ya ce masa a gaban mutane, "Kai da raƙumin naka hankalinku ɗaya, kullum hanya guda kuke bi." Ƙane ya faɗa wa wansa haka. Baki shi ke yanka wuya. Tun ranar ba su sake magana ba, Baba na sayen albasar kowa a garin ban da ta ɗan'uwansa. Mun taso mun san akwai sunan da ba a ambata lokacin cin tuwo.

Abin da ban sani ba (Inna ce ta faɗa mini daga baya, lokacin da faɗin ba ya da amfani), a cikin farin nan Baffa ya aiko shofar ɗin kamiyo da saƙo. Ya ce, "Ka gaya wa Isufu zan kira. Ba ƙanena zan kira ba, gidan ubana zan kira. Wanda ya ɗauka, sai mu yi magana." Kun gane ai. Babba ba ya bin ƙarami da ban haƙuri, amma ba mai hana mutum kiran gidan ubansa. Hanyar da ya samu ke nan ta sauke girma ba tare da ya zubar da shi ba. Lambar gidan kuwa ita kaɗai ya haddace a duniya.

Sai na ga Baba ya canja. Ya daina fita kasuwa da hantsi. Ya jawo buzunsa kusa da akwatin ƙarfe, ya cire wa talhon mayafinsa, ya zauna da carbi. Ya kafa doka: kada wanda ya taɓa kan talhon nan, ko Inna da tsumman gogewa. Tsoronsa kar a kira a iske layi a kame. Shi ya sa shi kansa bai taɓa ɗagawa ya ji ko da rai a ciki ba. Ni kuwa ina wucewa ta gabansa da takarduna, ina cewa a raina tsufa ya fara kama Baba. Na ga yana ramewa, na ɗora wa zafi. Na ji ya yi wa Inna tsawa kan ƙarar turmi, na ce tsadar gero ce.

A ɗakina kuma wani abu ya fara ba ni haushi. Kusan kullum da hantsi sai fitilar fakis ta kama, ya yi ta gurnani, ya gama bai fito da ko layi ɗaya ba. Can an jima ya sake. Na ɗauka wani mai saye ne a bakin teku bai iya danna buton ba. Wata rana da na kawo wa Baba fura, haushi na cina, sai na ce, "Wallahi Baba, akwai wani sakarai da ya addabe ni. Kullum da hantsi sai ya kira fakis ɗina, ba ya turo komai, ba ya gajiya. Mutum in bai iya abu ba ai sai ya haƙura." Baba bai ko dube ni ba. Idonsa na kan talho ya ce, "Allah ya shirye shi." Na ce amin, har da ƙarfi.

Ana haka matar Habibu ta haihu. Aka raba goron suna, Inna ta ƙulle na Baffa ta ba shofar, don goron suna ko wanda kake gaba da shi sai ka aika masa, in dai jini ne. Ba wanda ya sa rai zai zo.

Safiyar suna an shimfiɗa tabarmi daga zaure har waje. Liman ya zo, dattawan unguwa sun zo, abokan fataucin Baba sun cika. Mata muna ciki. Ni na sha lalle, na sa sabuwar shadda mai amo, na kafa ɗauri kamar zan taɓo rufi. Aka ba ni faifan dabino in miƙa wa Habibu ta bakin labule. Ina isa sai na ji zauren ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Na leƙa. Wani tsoho ne tsaye da sanda, rawaninsa ya yi jawur da ƙurar hanya, ya rame har rigar na rataye a jikinsa. Fuskar Baba ce sak, sai dai ta fi shan rana. Aka matsa masa wuri, bai zauna ba. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo ƙullin nan na Inna, ya ajiye a gaban Baba.

Ya ce, "Isufu, ga goronka. Ban ci ba."

Duk wanda ke wurin ya san abin da mayar da goro ke nufi. Liman ya ce, "Subhanallahi, Malam Amadu, zauna tukuna." Baffa ya girgiza kai.

"Ba zama ya kawo ni ba, Liman. Na zo a ji da kunne, kar gobe a ce ni na yanke zumunci. Garinmu ba rezo, waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan gari. Da waɗannan gwiwoyin na riƙa hawa, da aron portabul ɗin mutane, rana na dukana. Na kira gidan ubana. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai a ɗauka, in yi sallama, a yi mini tsuwwa a kunne kamar ana korar akuya daga garka. Gobe in ce ƙila kuskure ne, in sake hawa. In ba ka son magana da ni, Isufu, ai sai ka faɗa da baki. Bakin naka ai na san yana da kaifi."

Baba ya miƙe. Ya ce, "Yaya, na rantse da wanda raina ke hannunsa, talhon nan bai yi kuka ba. Tun ranar da saƙonka ya zo nake zaune a gabansa. Na ɗauka kai ne ka fasa."

"Har da ƙarya kuma? A gaban Liman?"

Na ga fuskar Baba ta canja. Na san wannan fuskar. In ya buɗe baki a haka, abin da zai fito ba ya komawa, kuma wannan karon ba wani tudu da za a sake hawa. Ni kuwa, Allah shaida, har lokacin ban gane ba. Ina bayan labule ina jin tausayin tsoho, har ina tsine wa kamfanin waya a zuciyata.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ku dakata. Ba a rantsuwa a kan abin da ake iya gwadawa. Habibu, kira lambar gidan nan, ka buɗe murya kowa ya ji."

Habibu ya danna. Kowa ya juya ya kalli talhon da ke kan akwati. Talho shiru. Sai daga portabul ɗin Habibu wannan tsuwwa ta ɓarke, doguwa, siririya, mai shiga har haƙori. Baffa ya nuna da sanda ya ce, "Ita ce! Muryar da ke amsa mini ke nan!"

Jama'a, na san muryar. Na fi kowa saninta a Agadas. Na ji kamar an kwara mini ruwan randa daga ka har ƙafa. Hantsi. Kullum da hantsi. Sakarai.

Baba ya ɗaga kan talhon, karo na farko tun da ya fara zaman jira. Ya kara a kunne, ya daɗe. Ya ajiye a hankali, ya kama wayar ya ja. Ta biyo hannunsa salin-alin daga bayan akwati, bakinta duk yanar gizo. Ya riƙe ta yana kallo kamar bai san mene ne ba.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na so in koma ciki in ɓace cikin mata. Faifan ne ya tona ni. Ya kuɓuce daga hannuna, dabino ya zube, ya riƙa gangarawa ƙarƙashin labule har gaban Liman. Aka ɗage labule. Ga ni, da ɗauri, da lalle, da shadda mai amo.

Da na buɗe baki, me kuke tsammani ya fito? "Baba, c'est le filtre, wato koneksiyon ce ke yankewa, parce que layin..." Liman ya ce, "Ƴata, yi mana Hausa." Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sai na yi Hausa. Hausar ba ta da tsawo. Na ce, "Ni na cire. Fakis ɗina ne ke amsawa. Na ɗauka ba mai kira."

Na so Baba ya yi faɗa, ya zage ni, ko ya jefe ni da takalmi. Bai yi ba. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce a hankali, "Wannan ne sakaran da ya addabe ki?"

Baffa ya ce, "Wane sakarai?"

Ba wanda ya taimake ni. Na durƙusa a kan dabino na ce, "Ni na faɗa, Baffa. Ban san kai ne ba. Har na ce amin da aka yi maka addu'ar shiriya." (Wannan na ƙarshen ba wanda ya tambaye ni. Har yau ban san abin da ya sa na ƙara ba.) Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata na shige.

Baffa ya daɗe yana kallona. Rabonsa da ni tun ina da kitson yara. Can ya ce, "Tsohon da zai hau dutse cikin rana a yi masa ihu, gobe ya sake hawa, ai ba ki yi masa ƙage ba. Tashi ki gyara abin da kika ɓata."

Na ruga ɗaki na fizge fakis daga bango. Na dawo, kuma dole in shiga bayan akwatin ƙarfe in mayar da waya. Akwatin bai motsuwa. Haka na rarrafa a gaban dattawan unguwa, kai a ciki, sauran jiki a waje, ɗaurin da na ɓata safiya ina kafawa ya kama murfin akwati ya tsaya can. Na fito da yanar gizo a gira. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Liman ya ce to alhamdu lillahi, gaskiya ta fito, sai a yi musabaha. Baffa ya ce, "A'a. Na ce gidan ubana zan kira, kuma sai na kira." Ya miƙa wa Habibu hannu. Ya faɗi lambar da ka, ɗaya bayan ɗaya, Habibu na dannawa, sannan ya karɓa ya kara a kunne. Yana tsaye, tsakaninsa da Baba bai fi tabarma ɗaya ba, amma ya juya masa baya yana kallon ƙofa.

Talhon Kaka ya yi kuka. Na manta ma haka ƙararsa take, mai cika gida. Mata suka taru a bayan labule. Baba ya bari ya yi kuka har sau biyu kafin hannunsa ya iya ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Nan ne gidan Malam Abdu?"

"Nan ne, Yaya."

"Wa ke magana?"

"Ƙanenka ne. Wanda bakinsa ya fi ƙarfinsa. Ka yafe mini, don Allah."

Baffa ya dogara a kan sandarsa. Ya ce, "Rijiya ta ƙafe, Isufu. Raƙumin ma ya mutu. Ban san inda zan kai yaran nan ba."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Yana riƙe da kan talho da hannu biyu ya ce, "Ɗakin babanmu na nan yadda ka san shi. Ka kwaso su duka. Gidanka ne kafin ya zama nawa."

Sannan Baffa ya juyo. Ya zauna a buzun Baba, ya kwance ƙullin goron, ya fasa ɗaya, ya miƙa wa ƙanensa rabi. Sai da aka yi haka wani ya tuna akwai jaririn da aka taru dominsa, ga rago ɗaure a waje yana jira.

Iyalin Baffa sun sauko a kamiyon da ya biyo baya, suka zauna da mu har aka ga bayan farin. Shi Baffa bai koma Tabelot ba. Ashe da ciwo ya sauko, ciwon kuma bai sake shi ba, a ɗakin ubansa ya cika, Baba na riƙe da hannunsa. In na tuna cewa da ya yi fushi ya zauna a garinsa bai zo mayar da goron nan ba, da haka za su rabu kowa na ganin ɗan'uwansa ya wulaƙanta shi, kuma ni ce sila, sai barci ya ƙaurace mini. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai har ya bar duniya bai kira ni da sunana ba. Madam Fakis yake ce mini, kuma sunan ya bi ni har gidan miji.

Filtir na biyu ya iso daga baya, bayan an gama komai. Na riƙe shi a tafin hannu ina kallo, ɗan abin da bai kai ƙwayar goro nauyi ba. Na sa shi a talhon zaure da kaina, na ɗaga kai na ji layi na numfashi, sannan na mayar da mayafin.

Yanzu ina aiki a biro mai na'urori iri-iri, yara masu sabuwar takarda na zuwa suna nuna mini abin da ya tsufa ya kamata a cire. Nakan ce musu to, a cire, amma kafin ka zare wayar da kake ganin ba ta da amfani, ka fara duba wa ke zaune kusa da ita. Kuma in wani ya nace da kiranka kullum ba ya gajiya, ka riƙe bakinka tukuna. Ni dai da na tashi neman sakarai a Agadas, sai da aka tara mini Liman da rabin unguwa kafin a nuna mini inda take.